Hanyar Filinge ba ta mota kaɗai ba ce

 

Bari in fara da abin da ya faru a gidanmu. Ƙanena, ɗan shekara 11, an aike shi sayen sukari bayan magariba, ranar kasuwa. Wata mota ta tsaya gefen gudron tana sauke buhunan hatsi, shi kuma ya ɓullo ta bayanta zai tsallaka. Direban da ke tahowa bai gan shi ba sai da ya buge shi. Allah ya yi da sauran kwana, amma ƙafa ta karye wuri biyu. Daren nan muka kama hanyar Yamai, wajen kilomita 180, yaro na kuka, inna na salati. Tunkiyar da aka ajiye don layya ita ta biya magani. Har yau in ya yi gudu sai ka ga yana ɗingishi.

Mutane sun ce ƙaddara ce. Na yarda da ƙaddara, amma ai an ce mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali.

Ku dubi garinmu. Hanyar ƙasa mai lamba 25, wadda ta taso daga Yamai ta bi Baleyara ta iso Filinge, ita ce hanyar manyan motoci, ita ce ta amalanken jaki, ta garken shanu, ta ƴan lakwal da mata masu tallar fura. Kuma a 2020, lokacin da aka hana yawo da moto a sassan jihar Tillaberi saboda matsalar tsaro, mutanen Kurfai da yawa ƙafa suka koma. Masu tafiya sun ƙaru, hanya ba ta ƙara faɗi ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa kowace shekara a haɗarin hanya, kuma sama da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙafa ne. Afirka ce ta fi kowa yawan mace-macen in aka auna da yawan jama'a.

To, me ke hannunmu?

Na ɗaya, a Nijar mota dama take bi. Kai mai ƙafa, in babu wurin tafiya na daban, bi gefen hagu, ka fuskanci motar da ke tahowa. Abin da ido ya gani, ƙafa na iya kauce masa.

Na biyu, kada ka tsallaka ta gaba ko ta bayan motar da ta tsaya. Matsa inda kake ganin hanya, direba ma yana ganinka. Dubi hagu, dubi dama, ka sake duba hagu.

Na uku, da dare ganin fitilar mota ba ya nufin direba ya gan ka. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin mita 22 a daƙiƙa guda. Kafin ya taka birki ya riga ya iso. Sa tufa mai haske, kunna tocilar salula, musamman lokacin hunturu da hazo ya rufe gari. Abin sauraren waƙa kuma, don Allah a cire shi daga kunne.

Na huɗu, yaro ƙarami bai iya auna gudun mota ba. Riƙe masa hannu. Aiken magariba, a ba babba.

Amma kada mu ɗora wa mai ƙafa dukkan kaya. Yaro zai yi kuskure, tsoho zai yi nawa, makaho ba zai gani ba. Gudu ne ke mai da kuskure gawa. Taron duniya na Stockholm a 2020 ya nemi a tsaida gudu a kilomita 30 a awa inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Muna da hukumar kiyaye haɗarin hanya ta ƙasa, ANISER, muna da hukumomin gari. Mu nemi tudun rage gudu gaban lakwal da kasuwa da likita, da fitila a tasha, da wurin sauke kaya nesa da bakin gudron.

Ga aikin wannan mako. Kowa ya zaga unguwarsa da magariba, ya rubuta wuri uku da ya fi jin tsoron tsallakawa. Mu haɗa su takarda guda, mu kai wa hukumomin gari da shugabannin direbobi a tasha, mu kuma roƙi limamai su ambata ranar Juma'a. Ni na riga na rubuta nawa na farko: inda ƙanena ya faɗi.

Allah ya kai kowa gida lafiya.