Fasaha da 'Yan Kallo a Dandalin Waƙa

A manyan wasannin waƙa na Turai da Amurka, fasahar zamani ta sauya matsayin ɗan kallo, ta mayar da shi wani ɓangare na wasan. Ƙungiyar mawaƙan Coldplay ta Ingila ta yi fice a wannan fanni tun rangadinta na 2012, inda ta riƙa raba wa mahalarta munduwa mai ƙananan fitilu da ake sarrafawa daga nesa ta siginar rediyo, har filin wasa baki ɗaya ya riƙa sauya launi daidai da bugun kiɗa. A rangadin da ta fara a 2022 kuwa, an shimfiɗa daɓe na musamman da ke mayar da tsallen masu rawa wutar lantarki, aka kuma girke kekunan da 'yan kallo ke murzawa domin cajin batura.

Sai dai wayar salula ta zo da nata ƙalubalen, domin mutane da yawa kan shagala da ɗaukar bidiyo har wasan ya wuce su. Wannan ya sa mawaƙa irin su Bob Dylan da Jack White suka rungumi jakar Yondr, wato ƙaramar jaka mai makulli da ake saka waya a ciki, mai ita yana riƙe da ita amma ba ya iya buɗewa sai a keɓaɓɓen wuri.

Fasahar da ke tattara hankalin jama'a ga mawaƙi ta cancanci a ƙarfafa ta, wadda ke warwatsa shi kuwa ya wajaba a yi mata iyaka.