Wa'azin Dare na Sha Ɗaya: Sadakar da Ke Tsaye a Ƙofar Gida

Godiya ta tabbata ga Allah, Mai fitar da tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa masu saurare a Hamdara da sauran ƙasar Damagaram, wani talaka ya ce da ni: "Malam, ana ta kiran sadaka cikin Ramadan, ni kuwa ban da ko dala." To, ga amsarka.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, hadisin da ma'anarsa ita ce: duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci daga gare shi, an rubuta masa sadaka. Salmanul Farisi ma da dashen dabino 300 aka fanshe shi daga bauta, kuma Manzon Allah ya sa hannunsa mai albarka a dashen.

Manyanmu ba su manta da 1984 ba. A 2005 kuwa mun ga mata suna jiƙa anza kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, yara su samu abin sawa a baki. Gidan da ke da kuka da zogala, tukunyarsa ba ta rasa ganye ba. Ku dubi kukokin Mirriya da dabinon Gidimuni: waɗansu suka dasa, suna kabari, muna ci.

Mun cika unguwanninmu da dogon yaro. Inuwarsa ni'ima ce, amma ba ta shiga tukunya. Kullum sau biyar ruwan alwala yana malala a ƙofar masallaci da tsakar gida, ƙasa tana shanyewa a banza. Can za ka dasa zogala, ko lemun tsami, ko magarya, ko kuka. Ka kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Kada ka matsa shi ga katangar maƙwabci, domin ba a neman lada da cutar da wani. In ya yi ƴaƴa, kada ka kori yaran unguwa da sanda. Ladanka ne suke tsinka.

Kafin Salla, kowane gida da kowane masallaci ya dasa ɗaya.

Allah Ya karɓi azuminmu, Ya ba mu damina mai albarka, Ya jiƙan waɗanda suka dasa mana. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.