Tsaga a Fuska, Suna a Tafin Hannu: Zanen Jiki da Ƙaunar Allah a Majami'un Damagaram

 

An daɗe ana jan wata gardama a majami'unmu, har yau ba a zauna an warware ta ba. Saurayi zai je a yi masa zanen allura a damtse, wanda suke kira tatu. Ran Lahadi mai wa'azi ya buɗe Littafin Firistoci 19:28, inda aka hana Isra'ilawa tsaga jiki da yi masa zane, ya karanta, ya ɗago kai ya zuba wa bencin baya ido. Kafin wata ya mutu an cire yaron daga ƙungiyar mawaƙa, daga nan ba a sake ganin ƙeyarsa ba. Wannan karatu gurgu ne, kuma yana raba ikilisiya da 'ya'yanta a ƙasar da Kirista ba su da yawan da za su yi asarar ko da mutum ɗaya.

Da mai wa'azin ya fara duba bencin gaba, da ya sassauta murya. A nan dattawa suke zaune, kowa da tarihinsa a kumatu. Ga Babarbare da dogayen tsagoginsa, ga Bagobiri da shida a kunci ɗaya, bakwai a ɗayan, ga mai bille, ga tsohuwa da jarfar ƙuruciya a wuya. Askar wanzami ce ta yi wannan aiki, kuma jini ya zuba. In har ayar nan hukunci ce a kan kowane zane da ke jikin kowane mai bi, to da dattawan za a fara.

Ba wanda ya taɓa farawa da su, kuma daidai ne. Tun da ma'aikatan mishan na SIM suka sauka Zinder a 1924, aikin ya bazu zuwa Tsibiri da Dungas, aka buɗe asibitin Galmi a 1950, masu tsaga ake yi wa baftisma, kuma daga cikinsu aka samu masu bishara da fastocin farko. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932 da ayar nan a ciki. Iyayenmu sun karanta ta da tsaga a fuskarsu, ba su tashi daga teburin Ubangiji ba, domin sun san abin da tsagarsu take nufi.

Tsaga ita ce katin shaidar mutum tun ba a san takarda ba. A zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya kewaye Birnin Zinder da ganuwa ya kuma ƙera igwa, da zamanin Amadu Kuran Daga da ya kai yaƙi ƙasar Kano kafin Faransawa su ci Zinder a 1899, hari da kamun bayi ba baƙon abu ba ne. Yaro yakan fita kiwo a wayi gari yana kasuwar wata ƙasa. Shekara ashirin ta wuce, harshensa ya sauya, sunansa ya sauya, amma fuskarsa tana nan tana faɗin gidan da ya fito. Uwar da ta miƙa jaririnta ga wanzami tana kuka, so take ko ya ɓata a gane nata ne.

Wanda ya fahimci wannan ya riga ya kama hanyar fahimtar Ishaya 49, surar da ta kamata a riƙa karantawa duk ranar da aka taɓo zancen zane. Sojojin Nebukadnezzar sun rushe Urushalima, sun ƙone Haikali, sun kwashe jama'a zuwa Babila. Birnin ya kai ƙara cewa Ubangiji ya yashe shi, ya manta da shi. Amsar ta zo hawa biyu. Da farko Allah ya kawo misalin mai shayarwa da jaririnta, ya nuna ko da za a samu uwar da ta manta, shi ba zai manta ba. Sannan a aya ta 16 ya ce ya zana mutanensa a tafin hannuwansa, kuma ganuwar birnin tana gabansa kullum. A lura: lokacin da ake wannan magana ganuwar tana ƙasa, tarin duwatsu ce.

A duniyar wancan zamani bawa ne yake ɗaukar alamar ubangijinsa. Ishaya ya juya lamarin: Ubangiji ne ya ɗauki alamar bayinsa. Bai rubuta su da alli ba, bai ɗaura su da zare a yatsa ba. Ya zaɓi irin zanen da ruwa ba ya wankewa, ya sa shi a wurin da ido yake faɗawa duk sa'ad da hannu ya buɗe. Tun a sura 44 aya 5 kuwa annabin ya hango ranar da mutum zai rubuta a hannunsa cewa shi na Ubangiji ne, kuma ya lissafa hakan cikin albarka. A Sabon Alkawari Yesu ya tashi daga matattu da tabon ƙusa a hannu, da shi ya kawar da shakkar Toma. Bulus ya rufe wasiƙarsa ga Galatiyawa da tabban da ya samu saboda Almasihu.

Kiristan Zinder ba ya bukatar a yi masa sharhin rusasshiyar ganuwa. Ran Juma'a 16 ga Janairu 2015 an cinna wa majami'un garin nan wuta, ɗaruruwan masu bi suka fake a barikin soja, wasu a gidajen maƙwabtansu Musulmi. Kashegari wutar ta kai Yamai, mutum goma suka rasu a ƙasar. An ƙone benci da littattafan waƙa da rajistar baftisma, amma ikilisiya ta sake taruwa ta yi sujada. Abin da ya riƙe ta shi ne sanin cewa sunanta yana inda wuta ba ta kaiwa. Jama'ar da ta tsira da wannan alkawari ba ta da hujjar hana shi yaron da ya yi zane a damtse.

Masu ɗaya ra'ayin suna da ayoyi biyu. Ta Firistoci tana magana ne a kan al'adun makoki na masu bautar gumaka, kuma a surar nan aka hana rage gefen gemu da sa tufa mai zare iri biyu, ga shi ba a taɓa korar kowa daga ƙungiyar mawaƙa saboda yadin rigarsa ba. Taron Urushalima a Ayyukan Manzanni 15 bai ɗora wa al'ummai wannan kaya ba. Ta biyun, wadda ta kira jiki haikalin Ruhu a 1 Korantiyawa 6, kan fasikanci take gargaɗi. Kibɗawan Masar kuwa, waɗanda suka riga mu bin Almasihu da ƙarnuka masu yawa, har yau suna zana ƙaramin gicciye a wuyan hannu, haka ma matan Habasha da dama a goshi.

Duk wanda ya kalli fim ɗin da Aïcha Macky, 'yar garin nan, ta fitar a 2021 a kan samarin fale na unguwar Kara-Kara ya ga jikkuna cike da tabon wuƙa da sara. Waɗannan ma maƙwabtanmu ne. In ɗayansu ya tsaya a ƙofar majami'a, abin da ya fara ji shi zai sa ya shigo ko ya juya.

Ga shawarwari huɗu, kuma ba sababbi ba ne. Na ɗaya, kada a sake hana kowa baftisma ko jibin Ubangiji ko hidima saboda alama a fatarsa, tsohuwa ce ko sabuwa. Na biyu, makarantun Littafi Mai Tsarki su koyar da Firistoci 19 sura guda cur, tare da Ishaya 49. Na uku, a bar yi wa jarirai tsaga: zamanin hari ya wuce, aska ɗaya a fuskoki da yawa tana yaɗa ciwon hanta da sida, Nijeriya ma ta haramta hakan a dokar kare haƙƙin yara ta 2003. Na huɗu, saurayin da yake son zane ya shawarci iyayensa, ya auna abin da zai sa a jikinsa har tsufa, ya tabbatar allurar sabuwa ce, ya kuma tuna maƙwabtansa Musulmi ba su yarda da shi ba, shaidarsa a unguwa kuwa ta fi ado tsada.

Iyayenmu fastoci, kowannenku ya san sunan yaron da ya daina zuwa sujada saboda wannan magana, ya kuma san ƙofar gidansu. A je a nemo shi kafin Lahadi mai zuwa.