Buƙatar Littafin Jagora Ga Mai Fara Koyon Intanet

Jawabin kwamitin ilimi a taron shekara na ƙungiya, Kaduna



An ɗora mana nauyin yin bayani a kan shawarar da aka kawo ta buga ɗan littafin jagora da Hausa domin mutanenmu na gida masu fara amfani da intanet. Mun goyi bayan shawarar, ga kuma dalilanmu.

Waɗanda suka zauna a Kaduna a farkon shekarun 2000 sun san yadda aka faro. Wayar salula ta shigo a 2001, amma mai son intanet sai ya je shagon kafe a titin Ahmadu Bello ko Unguwar Rimi ko Kawo, ya sayi awa guda, rabinta ta ƙare wajen jiran shafi ya buɗe. Littattafan jagora na lokacin da Turanci suke, an rubuta su ne domin mutumin Amurka ko Ingila mai kwamfuta da layin tarho a ɗakinsa. Yawancin abin da muka iya, a bakin yaron shago muka tsince shi.

Yanzu intanet ta shiga aljihu, ta kuma zama dole. Tun 2015 hukumar JAMB ta mayar da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta. A Disambar 2020 gwamnati ta umarci a haɗa layin waya da lambar NIN. Da aka shiga ƙarancin takardun naira a farkon 2023, har mai shayi sai da ya koma karɓar kuɗi ta waya. Abin da ya fi damunmu shi ne dattijon da ke miƙa wayarsa da katin bankinsa da lambar sirrinsa ga yaron da bai san ɗan gidan wa ba ne, kuma kuɗin da ke cikin asusun, sau da yawa, mu ne muka aika daga birni.

Saboda haka kada littafin ya fara da tarihin kwamfuta, wanda ba ya hana kowa barci. Ya fara da data: yadda ake saye, yadda ake duba saura, da dalilin da ya sa bidiyo ke cinye ta. Sai babi mai ƙarfi a kan lambar sirri, a rubuta ɓaro-ɓaro cewa banki ba ya kiran mutum ya tambaye shi lambar da aka turo masa, duk wanda ya tambaya ɓarawo ne, ko da ya ambaci sunanka da na mahaifinka. Sai batun jita-jita. Ba mu manta da Agustan 2014 ba, lokacin Ebola, da saƙo ya zagaya cewa a sha ruwan gishiri a yi wanka da shi, har aka rasa rayuka.

Game da harshe, Google ta sa Hausa cikin na'urarta ta fassara a 2013, Facebook kuma a 2016, amma manhajojin banki galibi da Turanci suke. Don haka a sa hoton maɓalli da rubutunsa yadda yake a waya, a yi bayani da Hausa a ƙarƙashinsa. Muhawarar ƙirƙiro sababbin kalmomi mu bar wa malaman jami'a. A kuma fitar da kwafin ajami, tunda da yawa daga iyayenmu shi suka fi karantawa.

Irin wannan littafi yana saurin tsufa, domin fuskar manhaja tana canjawa. A buga shi siriri, mai araha, kamar ƙananan littattafan da hukumar NORLA ta Zariya ta riƙa fitarwa zamanin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, a kuma sabunta shi duk bayan shekara biyu.

Roƙonmu ga wannan taro shi ne kowane reshe ya ba da matasa biyu, mace da namiji, waɗanda za su tafi gida da daftarin a hutun Babbar Sallah su gwada shi a kan dattawa da matan aure. Shafin da ba a gane ba, a sake rubuta shi kafin ma'aji ya fitar da kuɗin ɗab'i.