Ka Waiwaya Tukuna



Yau maganarmu a kan wayar da ke hannunka ce. Tela da mai atamfa da mai tuwo, kowa yanzu yana ɗaukar bidiyo a gida domin ya nuna kayansa a TikTok ko Facebook. Wannan ba laifi ba ne, neman abinci ne. Amma kai fuskarka kake kallo, kana gyara hula. Wayar kuwa dukan abin da ke bayanka take kwashewa.

Ka san gidajenmu na Zango: tsakar gida ɗaya, ƙofofi da yawa. Wani saurayi cikin ajinmu na baftisma ya ɗauki bidiyon takalman da yake sayarwa. Takalman sun fito da kyau. Amma a bayansa ga matar maƙwabcinsa ta fito daga wanka, zane ɗaya a ƙirji, ba ta sani ba. Kafin ya goge, mutane sun riga sun aika wa juna. Matar nan ta daina fita kasuwa don kunya, mijinta kuma har yau ba ya amsa gaisuwar yaron. Yaron bai yi nufin mugunta ba. Waiwaya ce bai yi ba.

Ka duba kuma Ghana Card ɗinka a kan tebur, da akwatin kuɗin ciniki, da rigar makarantar 'yarka mai sunan makaranta. Tun shekara ta 2017 aka fara ba wurare lambar GhanaPost GPS. In lambar tana manne a bangon da ke bayanka, ai ka nuna wa ɓarawo ƙofa da hannunka.

Wannan ba sabon abu ba ne. A cikin Littafin Sarakuna na Biyu, sura 20, akwai labarin Hezekiya sarkin Yahuza. Ya yi ciwo kamar zai mutu, Allah ya warkar da shi, ya ƙara masa shekara 15. Sai sarkin Babila ya aiko manzanni da wasiƙa da kyauta. Murna ta kama Hezekiya. Ya zaga da su, ya nuna musu azurfa da zinariya da kayan ƙanshi da ɗakin makamai, bai rage kome ba. Da suka tafi, Annabi Ishaya ya zo ya tambaye shi abin da baƙin suka gani. Ya ce masa rana tana zuwa da za a kwashe kayan duka zuwa Babila, har da waɗansu cikin zuriyarsa. Haka kuwa ya faru bayan shekara fiye da 100, a zamanin Nebukadnezzar. Abin da ya fi ba ni tausayi shi ne, Hezekiya ya mutu cikin salama. Jikoki ne suka sha wuya, su da ba su nuna wa kowa kome ba.

To, mai yiwuwa ka ce, zan share kusurwa ɗaya, in rataye labule, shi ke nan. Ka yi haka, ka kuma gaya wa mutanen gida kafin ka fara. Amma labule na idon mutane ne. Allah yana ganin bayan labule, yana ganin ƙarya da hassada da mudun da aka tauye. Waɗannan ba su ɓoyuwa, sai dai a wanke su. Domin wannan Yesu Almasihu ya mutu a kan gicciye, ya tashi a rana ta uku. In ka kawo masa su, ba zai tona maka asiri ba, zai gafarta.

Bari mu yi addu'a. Ya Ubangiji, ka kiyaye gidajenmu da mutuncin maƙwabtanmu. Ka ta'azantar da matar nan, ka sulhunta mijinta da yaron. Cikin sunan Yesu, amin.