Yaron da aka ba mishan riƙo

 

Kai da ke bin hanyar Maraɗi zuwa Jibiya da kaya, ka sha wuce Danja. Kai kuma da ke kora dabbobi tsakanin Ƙonni da Madawa, ka san Galmi, ko don albasarta ko don asibitinta. Asibitocin wuraren nan biyu 'yan mishan ne suka kafa su, wato Kiristoci masu wa'azi na ƙungiyar SIM, waɗanda suka fara zama Damagaram a 1924, daga baya suka sauka Tsibirin Gobir. Asibitin Galmi a 1950 aka buɗe shi, na kutare da ke Danja kuma a 1956. Yau dai zancenmu a kan yaran da suka tashi a hannun waɗannan mutane ne, domin har gobe ana kai musu yara, kuma wataƙila wani daga cikinku yana wannan shawara a zuci yanzu haka.

Ka fara da tambayar nan: waɗanne yara ne suka samu tun farko? Sarakunanmu ba su yarda a yi wa'azin Kirista a cikin birane ba, Turawan mulki ma, na Ingila da na Faransa, ba su son abin da zai tayar musu da hankalin ƙasa. Mai gata ba ya ba da ɗansa. Saboda haka yaran da suka fara shiga hannun mishan su ne waɗanda ba su da mai cewa nawa ne. Lokacin da Lugga ya hana cinikin bayi a Arewacin Najeriya, an riƙa ƙwace yara daga hannun masu fataucinsu, yara ƙanana da ba su ma san sunan garinsu ba. Gwamnati ta tara su a Zungeru, sannan a 1909 ta miƙa su ga wata ƙungiyar mishan mai suna SUM, wadda ta buɗe musu gida a Rumasha, bakin kogin Binuwai. Can aka koya musu karatu da noma da ɗinki da sassaƙa, aka kuma koya musu addinin Kirista.

Sai 'ya'yan kutare, kuma nan ne zancen ya fi nauyi. A wajejen 1937 SIM ta karɓi aikin kula da zangon kutare a Yadakunya ta Kano, da Babbar Ruga ta Katsina, da Amanawa ta Sakkwato. A zamanin nan babu maganin da ke warkar da kuturta sosai, mutane kuma na ɗaukar cutar gado ce. Mace mai kuturta ta haihu, sai a ɗauke jaririn a kai shi wani ɗaki daban, don kada ya kamu. Ma'aikatan mishan su ba shi madara, su yi rainonsa, in ya girma su sa shi makaranta. Da yawa daga cikin yaran nan sun rayu, sun zama malaman asibiti da malaman makaranta, alhali da an bar su bara ce ke jiransu a ƙofar kasuwa. Wannan gaskiya ce, kuma ba a ɓoye ta. Amma ka tsaya ka tuna da uwar. Tana ganin ɗanta daga nesa, yana girma da addu'ar da ba tata ba, wani lokaci da sunan da ba ita ta raɗa masa ba. Shi ya sa sarakuna da Turawan mulki suka sha ja-in-ja da 'yan mishan a kan koya wa 'ya'yan Musulmi addini a waɗannan wurare.

Bari in ɗan ratse a nan, don abin ya shafi lafiyarku. Kuturta ba gado ba ce, kuma yau tana warkewa. Ƙwayoyi ake sha wata 6 zuwa 12, kyauta ake ba da su tun 1995, kuma wanda ya fara sha ba ya ƙara sa wa kowa. Babu sauran dalilin raba uwa da ɗanta saboda wannan cuta. In ka ga farin tabo a jikin yaro, ka tsikara shi bai ji ba, to ka kai shi a duba tun kafin ya taɓa yatsu.

Makafi ma sun samu rabonsu. A 1953 SUM ta buɗe makarantar yara makafi a Gindiri, ƙasar Filato, inda ake koya musu rubutun da ake karantawa da yatsu, da sana'ar hannu.

To mene ne sirrin aikin nasu? A ganina ba gini ba ne, don yawancin makarantun nan da laka da ciyawa aka fara su. Abin da suka iya shi ne bin yaro ɗaya ɗaya, shekara da shekaru. Dubi Wusasa. Likita Mila, wanda ya zauna birnin Zariya tun 1905, yara kaɗan ya tara a gidansa, yana ci da su, yana koya musu karatu da Hausa, yana sanin halin kowane. A 1929 aka mayar da mishan ɗin Wusasa, bayan gari. Daga wannan ɗan wuri aka samu Dakta Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Janar Yakubu Gowon ma can ya tashi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, su kuwa sun san haka sarai, kuma ba su taɓa ɓoye cewa burinsu yaro ya bi Almasihu ba. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, da shi aka koya wa yara da yawa haɗa baƙi.

Yanzu Turawan sun ragu ƙwarai. Makarantun da gidajen marayu suna hannun ikilisiyoyin gida, irin su ECWA a Najeriya da EERN a Nijar, kuma 'yan ƙasa ne 'yan uwanmu ke tafiyar da yawancinsu. Yaran da ke zuwa ƙofarsu ma sun sake: marayun da 'yan bindiga suka kashe wa iyaye, 'ya'yan waɗanda aka sace wa garke kaf, yaran da suka gudo daga Zamfara da Sakkwato da Katsina suka tsallako jihar Maraɗi. Mutumin da jiya yake da shanu hamsin, yau ba shi da ko akuya, in aka ce masa kawo yaro mu ciyar da shi mu sa shi lakwal, me kake so ya ce?

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Muna ba goggo, muna ba kawu, muna ba malamin tsangaya. Bambancin shi ne, goggo ka san gidanta, ka san abin da take bauta wa. Don haka in za ka ba mishan ɗanka, ko ɗan ɗan'uwanka da ya rasu, ka je da ƙafarka, kada ka aika ta hannun direba ko ɗan kamasho. Ka tambaye su a fili, gaban mai gari ko arɗo: za a koya masa addini? Dole ne ya shiga sujada? In Musulmi ne, zai yi sallarsa da azuminsa? Masu gaskiya a cikinsu za su ba ka amsa ba tare da kwana-kwana ba, sai ka yanke shawara da idonka buɗe. In kai Kirista ne, wannan ba damuwarka ba ce, amma sauran tambayoyin naka ne kai ma: wa ke kwana da yaran, me suke ci, gwamnati ta san da gidan? Wanda ya ce maka kada ka riƙa zuwa ganin yaro don zai sa shi kewar gida, ka ɗauki ɗanka ka tafi, ko fasto ne, ko malam ne, ko mai farar mota ne na ƙungiyar agaji.

Ga kuma maganar takarda, wadda mu mutanen iyaka muka fi kowa sakaci da ita. Yaron da aka haifa a mashekari, ba a rubuta shi a Nijar ba, ba a rubuta shi a Najeriya ba, in ya shekara goma a hannun wasu, da me za ka nuna naka ne? Ka yi masa takardar haihuwa da sunanka da na uwarsa kafin ya bar gida. In lokacin rubutawa ya wuce, alƙali na iya yi maka wata a madadinta, da shaidu. Ta asalin ta zauna a jakarka, kwafi za ka ba makaranta. Kuma a rubuta yarjejeniya cewa duk hutu yaro zai zo gida, ko da kuna can wajen kiwo. Ka bar musu lambar wani ɗan'uwa mazaunin gari wanda ya san inda kuka sauka, don ranar da aka sallami yara a san hannun da za a miƙa shi.