An Soke Sarautar Basha, Amma Basha Na Nan

Abin da zan yi magana a kai yau shi ne yadda masu mulki kan rasa kujera amma su riƙe mutane. Mu ɗauki Masar misali.

A 1952 sojoji suka kifar da Sarki Faruk. Suka soke laƙabin Basha da Bey, suka yi doka cewa mutum ɗaya ba zai mallaki fiye da faddan 200 ba, wato wajen eka 200, aka raba saura ga manoma. A 1961 aka rage zuwa 100. Jama'a suka ce an gama da manyan masu gonaki.

To, an gama ɗin? Fu'ad Sirajuddin, babban mai gona kuma tsohon minista da sojojin suka ɗaure, shi ya farfaɗo da jam'iyyar Wafd a 1978, kuma Basha ake ce masa har ya rasu a 2000. A 1992 aka yi doka mai lamba 96, wadda ta cire kariyar da manoma 'yan haya ke da ita. Daga 1997 mai gona ya sami ikon korarsu. Talaka kuwa, in ya tsaya gaban hafsan 'yan sanda, "Ya Basha" yake cewa.

'Yan'uwa, doka ta karɓe gonaki, amma ilimin 'ya'yansu da auratayya da sanayya a ofisoshi suna hannunsu. Tsoron da aka dasa a zuciyar talaka kuma bai fita ba. Muddin yana nan, sabon Basha zai samu mai durƙusa masa.